Allurar Baba da ciyawar gero

A tsakiyar gero na iske Baba durƙushe, ya dafe kwiɓi, fartanya a yashe.

Shekaranjiya aka tsakuro tsokar ƙodarsa a asibitin birni don gwaji. An yi masa allurar rage zubar jini, likita ta ce ban da aikin ƙarfi.

Na ce, "Baba, ba an hana ka ba?"

Ya ce, "Ai sun yi min allura. Ciyawa ta san likita ne? In ta cinye geron nan, me za ku ci?"

Ashe tun safe jini yake fitsara, ya ɓoye wa Inna.

Yanzu muna cikin motar Kano za mu koma asibiti, kansa a cinyata, yana tambayar wa zai ƙarasa noman.

Jama'a, yaya ake kwantar da manomi da damina?