Minti Goman Arzika

Kafin manyan motocin Maraɗi su ja layi a bakin boda, Arzika mai walda ya riga ya buɗe rumfarsa a Jibiya. Haka yake yi kullum. Ran Asabar kuwa, da an idar da azahar sai ya kashe inji, ya wanke hannu, ya nufi gindin darbejiyar da ake Zaman Karatu da Kiɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ba ya rubutu, ba ya waƙa. Kayan aikinsa agogo ne, da sifana, da tsohon wilin mota rataye a reshe. Kowa minti goma: marubuci ya karanta nasa, mai gurmi ya kaɗa nasa. Lokaci na cika sai ya buga sifana a wilin, ka ji ƙwal! Ka zauna kawai.

Wani zai ce wannan ma aiki ne? To saurara. Baƙinmu na Maraɗi dole su juya da sauran rana, don hanyar nan ba a bin ta da duhu. In mutum ɗaya ya cinye lokacin mutum biyar, huɗu sun yi tafiyar banza.

A gabanmu ya buga wa wani ɗan siyasa. Mutumin ya ce, "Kai, ka san da wa kake yi?" Arzika ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Agogon ne bai sani ba."

Har surukinsa Malam Mudathir bai tsira ba, yana tsakiyar baiti. Kansa a sunkuye Arzika ya buga, sannan ya je ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri." Tsohon ya ce, "Tashi, ja'iri. Da ka ƙyale ni, da na amshe ɗiyata."

Amma ranar da Fatsuma 'yar garin Magama ta fara fitowa da labarinta, ta kasa farawa. Arzika ya kifa hularsa kan agogo. Bai soma ƙirga ba sai da bakinta ya buɗe. Yau littafinta biyu.

Arzika, kai ne alƙali marar kujera. Kai ne ka sa ɗan dako da mai digiri suka sha da ludayi ɗaya.

Yanzu wutar walda ta ci masa ido, ba ya ganin agogo, ya ajiye sifana. Ga abin da ya hana ni sukuni. Asabar da ta wuce Alhaji Zubair mai hatsi ya karɓi lasifika wai zai yi gaisuwa, bai sake ta ba sai da rana ta yi ja. Mu kusan arba'in, har da ni, kowa na kallon ɗan'uwansa. Ɗantala mai gurmi, da ya taso tun daga Maraɗi, ko buɗe jakarsa bai yi ba. Yana hawa mashin ya ce, "In aka sake haka, kun gama ganina." In su Ɗantala suka daina zuwa, zaman nan ya mutu.

Mun gode, Arzika. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da Aljanna. Ku kuma mutanen Jibiya, yabo a baki ba ya riƙe taro. Wani ya tashi ya yi abin da bawan Allahn nan ya yi. In kowa kunya yake ji, ni yanzu ba ni da ita: Asabar mai zuwa ni zan riƙe sifana. Alhaji Zubair, ka taƙaita gaisuwarka tun daga gida.