Marigayi Sani ya karɓi ribarsa jiya

Jama'a, yau na ga mamaci yana godiya a intanet!

Kun san kamfanin nan da ke cewa zai biya mutum in yana karanta imel ɗin da suke turo masa. Wata biyar ina buɗewa kullum, ni kaɗai a shago, tunda harbe-harbe sun kori masu saye. Ɗazu suka ce sai na tura jaka goma kafin su sakar min ribata.

Da gari ya ɗan lafa na tafi shagon intanet na Musa a titin Koudoukou. Na ce, "Musa, duba min, gaskiya ne ko damfara?"

Ya ce, "Baba, bari mu ga waɗanda suka ce an biya su."

Ya buɗe shafin. Innalillahi! Sani mai takalma, maƙwabcina na unguwar Kokoro! Da jar hularsa, yana dariya. A ƙasa an rubuta: "Jiya na karɓi ribata, na gode."

Na ce, "Jiya? Da hannuna na sa Sani a kabari bara!"

Musa ya ce, "Hoton da ya tura musu ne lokacin rajista. Ɓarayi ne, Baba. In rufe?"

Na ce a'a. Gidan Sani ya ƙone ƙurmus, ko hotonsa ɗaya bai tsira ba. Na sa Musa ya buga min shi a takarda.

Ban tura ko dala ba. Ga Sani nan na jingine shi a kan kanta, muna zaune mu biyu. Ku kuwa, kwana uku ke nan babu wanda ya ce uffan a gurup ɗin nan.