Gidan Alhaji Mamman na Bakin Gulbi

Har gobe ranar da muka miƙa makullan gidan Alhaji Mamman ba ta fita raina ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma ina shef na shantiye, wato mai kula da magina a wurin aiki.

Alhaji ɗan kasuwa ne daga Damagaram, ya yi arziki a Yamai. Ya sayi fili a bakin gulbi, inda ake hango Lamorde a ƙetare. Burinsa ya tara mahaifiyarsa, 'ya'yansa maza biyu da jikoki wuri guda. Gidan siminti muka yi, bene mai baranda da manyan tagogi, kowa da sashensa. Katako da kaina nake zaɓowa a kasuwa. Kusan kullum sai ya zo, ya tsaya cikin ƙura da farar riga yana cewa, "Malam Idi, nan Inna za ta riƙa shan iska."

Ka'idar aiki ita ce, ranar miƙa gida a zagaya da mai shi ɗaki ɗaki. Ya zo da Inna da babban ɗansa Sani, ma'aikacin gwamnati. Tsohuwar ta dafa sanda, ta daɗe tana kallon ruwa.

"Mamman, gida ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Amma ka mai da ni Damagaram. Nan ban san kowa ba. In na mutu, wa zai wanke ni?"

Alhaji ya juya wajen ɗansa, ko zai taya shi lallashi. Sani ya sunkuyar da kai.

"Baba, na rasa yadda zan faɗa maka ne. An tura ni aiki Agadas. Ƙanena ma ya ce ba zai dawo daga Faransa bana ba."

Muka yi tsaye da makullai a hannuna. Can Alhaji ya karɓa, ya gode mana da ladabi, ya fita bai hau benen ba.

Inna ta koma, ta rasu kafin damina. Gidan ya zauna a rufe, ciyawa ta cinye tsakar gida. Daga baya aka kira ni in ja katanga in raba shi biyu, don wasu Turawa za su shiga haya. Alhaji bai zo ba, direbansa ya aiko.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, in mutum ya zo da zanen gidan zuri'a, ku tambaye shi ko ya ji ta bakin waɗanda za su zauna. Na gina gidaje da yawa bayan wannan, amma ban ƙara yin mai kyansa ba, kuma mai shi ko kwana ɗaya bai yi a ciki ba.