Gaisuwar Hannu Biyu a Kan Injin Tururi

Daga Bukuru

Zakara bai yi cara ba na bar gida, da ƙullin kilishi a jaka. A hanyar Abuja sojan shinge ya tambaye ni ina za ni, na ce Dubai, kallon injin haƙa ƙasa.

"Baba, katafila ta ƙare a Najeriya ne?"

Na gyara zama, muka wuce. Wanda bai ga injin tururi yana cin tudu a filin kuza ba, kamar yadda muka gani muna yara, me zai gane?

Ku 'yan majalisa da kuka ce zan yi kuka a jirgi, ban yi ba. Salati kawai na yi da ɗan ƙarfi, har ma'aikaciya ta kawo mini ruwa.

Al Nahda

Ɗana Habibu ya sauke ni a masaukinsa, can sama inda shaho ne kaɗai ya kamata ya kwana. Taga dai ban leƙa ba. Shi ne ya turo mini hoton injin tun farko: wani dattijon Balarabe ya sayo shi daga Turai, yana kunna shi ranar Asabar don sha'awa.

Asabar da hantsi na fito cikin babbar rigata ta shadda.

"Baba, gareji fa za mu je."

"Wurin mutum za mu. Ni ba ɗan tasha ba ne."

Ras Al Khor

Tasi ta ratsa da mu layin masu kayan gyaran mota, ta ajiye mu bayan wani sito. Tun daga ƙofa warin kwal ya tare ni. Ga shi nan baƙi wuluk, yana huci kamar bijimin da aka ɗaure. Mai sarrafa shi Isufu ne, mutumin Maraɗi.

"Baba Alhaji, shuwayya-shuwayya, a hankali dai. Wannan bai san girman kowa ba."

"Sa'ana ne, yaro."

Bakina ne ya faɗi haka, cikina bai sa hannu ba. Tukunyar tururin na tsuwwa, allurar agogonta na rawa, na tuna babanmu yana cewa in irinta ta fashe ba a wanke gawa, tattarawa ake yi.

Na naɗe hannayen riga a kafaɗa na hau, Habibu na bayana. Isufu ya ja sanda, cokalin haƙar ya nutse cikin yashi, daɓen ƙarfe ya ɗauki girgiza. Dab da ƙuguna manyan haƙoran ƙarfe na juyawa, babu murfi.

Sai Balaraben mai injin ya hawo, gemu fari fat, ya miƙo mini hannu. To ku faɗa mini, wa ke gai da dattijo da hannu ɗaya? Na miƙa biyu, na ɗan rusuna. Hannun riga ya zame daga kafaɗa.

Jan farko na ɗauka Habibu ne. Na biyu ya durƙusar da ni. Haƙoran na naɗe shadda suna jawo wuyana, ina jin ɗumin baƙin mai a fuskata. Isufu ya rufe tururi, amma ƙarfe mai nauyi ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Kalmar shahada ta zo mini, ta maƙale a rabi.

"Sunkuya, Baba! Bar musu ita!"

Habibu ya danna kaina ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, na sulale ta wuyan riga. Injin ya cinye har aljihu, sannan ya yi ajiyar zuciya.

Saboda zafin ƙasar ban sa 'yar ciki ba. Daga ni sai singileti da wando, hular ma ta tafi. Balaraben ya riƙe ni yana "Khalas, habibi, khalas," wato shi ke nan, masoyi, ya wuce. Ya sa aka kawo mini jallabiya.

"Baba, ka iya jan usur kuwa?" in ji Isufu.

Tunda na zo daga nesa, na ja. Amma daga ƙasa na ƙarasa kallon, bayan tulin yashi.

Komawa

Na iso Bukuru da la'asar, da kurji a wuya. Har yau butar shayi in ta yi tsuwwa sai na matsa. Na gode wa Allah, na gode wa Habibu da Isufu. Kashegarin dawowata na kai wa Mamman tela goro, shi da na daɗe ina zagi a majalisa don ya yanka wuyan rigar nan da faɗi. Na ce ta gaba ya ƙara yatsa biyu.