Kwanta

Ni ce na fasa wa ɗiyata leɓe, da bayan ludayin miya. Shekararta bakwai a lokacin. Ba tausayin kowa nake nema ba, ina faɗa ne don haka aka yi.

Wata biyar kafin nan 'yan bindiga suka kashe babanta a hanyar Birchi, suna dawowa daga cin kasuwa da la'asar, ita tana tare da shi a mota. Waɗanda suka kawo mini ita sun ce a gefen gawarsa suka tsince ta, jini ya bushe a kitsonta. Ba ta ce uffan ba a kan abin da ta gani. Da na fita takaba na kwashe yaran, muka bar ƙauyenmu na ƙasar Kurfi muka koma gidan yayana a Dutsin-Ma.

Da rana lafiya lau take. Amma da na shimfiɗa tabarma na ce ta kwanta, sai ta zama wata aba daban. Ta yi yaƙushi, ta yi ta buga kanta da bango har ya kumbura. Ta taɓa gantsara wa ƙaninta cizo a kunne sai da aka ɗinke. Ni kuwa ba a bar ni a baya ba wajen zuciya. In danne ta da gwiwa, in yi ta zabga mata igiyar guga ina ihu, "Kwanta! Na ce ki kwanta!" An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi. Yayana ya ce in aka ƙara mako ɗaya a haka, zai kai ta gidan da ake sa wa masu taɓin hankali mari. Na taɓa ganin ƙafar wanda ya fito daga can.

Maƙwabciyarmu ce ta raka ni wurin wata malamar asibiti mai duba yara. Ba allura, ba ƙwaya. Da murya kawai take aiki: ta yi ta magana a hankali har yaro ya shiga wani hali tsakanin barci da farke, a nan take taimaka masa ya saki abin da ya ƙulle a ransa. Na ce a raina, boka ne kawai ya samu farar riga. Amma tsoron mari ya sa na zauna.

Ta ba yarinyar wani ɗan dutse mai santsi ta riƙe, ta ce ta saurari numfashinta. Ina kallo idonta ya fara lumshewa. Sai malamar ta ce a tausashe, "Yauwa ɗiyata. Taso ki kwanta nan bisa gado."

A goshi dutsen ya sami malamar. Jini ya tsinke mata har kan hijabi. Na zabura na ɗaga hannu zan mari yarinyar, malamar ta cafke shi.

"Kada ki taɓa ta, baiwar Allah. Mi na ce kafin ta jefe ni?"

Ban gane ba. Ta manna auduga a goshinta, ta koma ta soma daga farko, wannan karon yarinyar na zaune a kujera. An daɗe. Can ɗiyata ta yi magana, ido a rufe, da muryarta ta dā, wadda na yi wata biyar ban ji ba.

"Sun ce kowa ya kwanta. Direba ya ruga, bai mutu ba. Baba ya kwanta, ya jawo ni ya ce in kwanta. Sai suka bi mu ɗaya ɗaya."

Sai a nan na gane. Wata biyar ina tsaye a kanta da igiya, ina daka mata tsawa da kalmar mutanen da suka harbe ubanta. Na tsani kaina a ranar, kuma har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Sau da yawa muka koma wurin malamar kafin cizon ya tsaya. Yayana bai ƙara tayar da maganar mari ba. Amma a yammacin farko, da muka isa gida, na rasa da wace kalma zan ce mata ta yi barci. Na zauna na jingina da bango. Ta daɗe tana kallon hannuwana. Sannan ta matso ta zauna a gefena, ta ce, "Inna, ke ma kada ki kwanta."