Daƙiƙa Biyar Da Na Yanke Daga Wasiyyar Wani Dattijo

Edita, a shekarun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ni matashi ne mai shagon bidiyo a unguwar Badariya, kuma ina ji da kaina sosai. Injuna biyu gare ni, ɗaya na kunna kaset ɗin da na ɗauko, ɗaya na naɗar abin da na tace. Akwai lambobi da ke gudu a fuskar injin, minti da daƙiƙa, da su nake sa alamar inda za a yanke da inda za a ci gaba. Na daɗe da sanin lambobin suna zamewa idan aka yawaita mayar da kaset baya. Maimakon in mayar da su sifili in yi gwaji, sai in ƙiyasta da ka, wai ni gwani.

Wata rana wani magidanci ya kai ni garin Zauro in ɗauki wasiyyar mahaifinsa da ke kwance. Ina riƙe da kyamara dattijon ya lissafa gonakinsa na shinkafa. Da ya ambaci gonar bakin gulbi sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ce wannan ta marigayi ƙanensa ce, a mayar wa matar ƙanen, sauran a raba yadda Allah ya ce. A hanyar dawowa ɗan ya roƙe ni in cire tarin, don kada a ga tsohonsu cikin wannan hali. Na sa alama, na danna, na rufe wurin yankan da hoton mutanen ɗaki, na miƙa masa kaset ko sake kallo ban yi ba. Na asalin kuwa, da yake sabon kaset na wuyar samu, na naɗi wani bikin suna a kansa.

Bayan rasuwar dattijon aka kira ni in kunna kaset gaban dangi. Nan na ga ɓarnar da na yi. Injin ya makara da kamar daƙiƙa biyar, ya haɗiye tarin har da maganar da ta biyo shi. Abin da ya fito shi ne dattijon ya ambaci gonar bakin gulbi, ya ce a raba yadda Allah ya ce. Na dubi ɗan nan da ke zaune kusa da kan uban ranar da aka yi maganar, na ga yana gyaɗa kai yana share hawaye. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa ƙyama nake ji.

Sai dai tawa ta fi tasa muni. Matar ƙanen, tsohuwa da ta taso tun daga Argungu, ta matso ta kira ni ɗanta, ta ce dattijon ya faɗa mata da bakinsa zai mayar da gonar, tunda ni na riƙe abin ɗaukar, in gaya mata mi na ji. Na tuna sunan shagona, na tuna yadda gari zai ɗauka cewa na lalata wasiyya. Na ce mata, Inna, abin da ke cikin kaset shi ke nan. Ta nemi takalmanta ta fita. Aka raba gonar.

Ku masu wannan sana'a, kada ku amince da lambar inji sai kun gwada, ku kalli aikinku daga farko har ƙarshe, kuma kada ku goge na asali. In kuskure ya auku, ku faɗa a take, don ana iya gyara shi ranar, amma ƙaryar da za ku rufe shi da ita ba ta gyaruwa. Ni sai bayan shekara tara na iya zuwa Argungu neman gafara, na tarar tsohuwar ta rasu. 'Yarta ta saurare ni a tsaye a bakin ƙofa har na gama bayanin lambobi da zamewarsu. Sannan ta tambaye ni ko bakina ma injin ne ya yanke shi ranar.