Janaretan da Na Hana a Kashe

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar ƙanena Kabiru. Har yanzu in aka tambaye ni aikinsa, sai in ce kwamfuta kawai.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a Katsina yana zancen zaɓe, shi kuwa yana ɗakin zaurenmu na Ƙofar Durbi da tulin faya-fayai. Wai akwai wata manhaja mai harhaɗa sauran manhajoji, ita yake gwadawa. Sai ya ɗora mata duk wadda ya mallaka a lokaci guda, ya zauna ya ga wacce za ta ginu, wacce za ta rushe. Na ce mashi wannan ai wahalar da kai ne. Ya ce, "Haba Yaya, in kin sayi injin niƙa, da gero kaɗai za ki gwada shi? Ki zuba mashi masara da wake ki ji."

Aikin yakan ci kwanaki, in wuta ta ɗauke kuma a koma farko. Ya kunna gwajin ƙarshe da wutar janareta, ya tafi Kano, motarsu ta kife a hanya.

Aka yi jana'iza, aka zauna makoki, janareta na ta ruri a bayan zaure. Kawu ya aiko a kashe, ba a jin addu'a. Na ce ba za a kashe ba. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba wallahi, fetur kawai nake aikawa a sayo. Mata suna ta kallona. Ni dai kada aikin yaron nan ya katse.

Yau ana cewa irin wannan gwaji kafin ka sha shayi an gama. Da Kabiru yana raye, ban san ko zai yi murna ba. Na fi zaton mulkin da muka yi wa guɗa zai tambaya, ko an taɓa ɗora mashi nauyin kowa da kowa an gani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da ya bar mani ke nan, ba na yarda da abin da aka gwada rabi.

Da aikin ya kammala a kwanakin makokin nan, abokinsa Yohanna, ɗan Kudancin Kaduna, ya zo ya duba. Ya ce, "Yaya, yawancinsu sun ginu. Ya yi daidai."

Na ce to, a kashe. Injin ya yi shiru, gidan ya yi tsit. A lokacin na san Kabiru ya mutu.